Cingam ɗin barin sigari da na saya a Adum, abin da na gani bayan na faɗi sau bakwai

Assalamu alaikum jama'a. Tun kwanaki mutanen bes ɗinmu, wato wajen zaman hirarmu a Aboabo cikin Kumasi, suke ta tambayata wai cingam ɗin nikotin ɗin nan da suka ga ina taunawa da gaske yana aiki ko dai kuɗi kawai na zubar, to nace bari in zauna in rubuta sau ɗaya kowa ya karanta, don magana a bakin ataya ba ta ƙarewa, kana tsakiyar bayani wani zai shigo da hirar ƙwallon Kotoko shikenan an watse. Ba zan kama sunan kamfanin da ke yinsa ba, ba kuma zan faɗi sunan famasin ba, kada a ce an biya ni talla ne. Da kuɗin gumina na saya.

Ni walda nake yi a Suame Magazine, unguwar makanikai, ina da ɗan shago da yara huɗu masu koyon aiki. Na fara shan sigari ina shekara 17, lokacin nima ina yaron shago, kuma sai da na yi shekara 24 ina sha. Kara 15 zuwa 20 a rana, in aiki ya yi zafi ko kwastoma ya ɓata min rai ya wuce haka. Na farko kuwa ko alwalar asuba ban yi ba nake kunna shi a bayan ɗaki, ku riƙe wannan maganar don za ta dawo.

Sau bakwai na yi niyyar bari da gaske, banda ƙananan rantsuwa da mutum ke yi in tari ya hana shi barci. Uku daga ciki a azumi ne, kullum in ce tunda na iya yini ba taba ai zan iya barinta, amma wallahi ana kiran magariba dabino ɗaya da ruwa sai ka gan ni bayan masallaci, kara biyu a jere har kaina ya yi juyi. Na gwada goro, sai na zama mai cin goro kuma mai shan taba. Na gwada kanumfari da citta da aswaki. Mma ta karɓo min rubutu na sha, Allah ya saka mata da alheri. Na sayi wani garin magani wajen masu talla cikin mota a kasuwar Kejetia, wai in ka sha ko warin taba ka ji sai ka yi amai, kwana biyu cikina na murɗawa amma tabar tana nan daram. Na gwada ragewa kara ɗaya-ɗaya, na sauko har biyar, sati ɗaya da aikin gaggawa ya zo na koma ashirin. Wanda na fi daɗewa shi ne lokacin kullen korona a 2020 da aka rufe Kumasi da Accra sati uku, na yi kwana 19, ranar da na koma Magazine na ji warin a wajen maƙwabcina ban kai azahar ba.

Duk wanda ya sha wannan faɗuwar ya san abin da ya fi ciwo. Kunya ce. Ka gaya wa matarka ka bari, ta yi murna ta gaya wa 'yan uwanta, sannan ta ji warin a rigarka ta yi shiru ba ta ce komai ba. Masu wa'azi kuma su ce maka rashin zuciya ne, wasu su ce sabo turken wawa, har kai ma ka yarda kai ɗin ba namiji ba ne. A 2018 da aka fara buga hotunan huhu da baki masu ban tsoro a jikin kwali a nan Ghana, ni ban ma cika ganinsu ba, don a kiyos nake saye kara-kara, kwalin yana hannun mai kiyos. Dokar lafiyar jama'a ta 2012 ta hana sha a wuraren taruwar mutane, to sai muka koma lungu. Tsoratarwa ba ta taɓa raba ni da ita ba, na riga na san tana kashewa, hanyar fita ce ban sani ba.

Abin da ya tayar min da hankali a ƙarshe yaron shagona ne. Ɗan shekara 16, iyayensa suka kawo min shi amana daga arewa. Wata ranar hunturu a farkon 2024 na zagaya bayan kwantena sai na same shi yana zuƙar guntun da na yar. Guntuna, nawa, wanda na jefar da hannuna. Na ɗaga hannu zan mare shi sai hannun ya yi nauyi, da wane baki zan yi masa faɗa? Yace Masta ka yi haƙuri, nace tashi ka tafi. Daren nan ban yi barci ba.

To ga maganar cingam ɗin. Gaskiya ba wannan ne karon farko da na saye shi ba. Shekara biyu kafin nan na taɓa shiga wani famasi na tambaya, yaron da ke kanta ya miƙo min kwali mai miligiram 2 na nikotin ya karɓi kuɗi, ko kalma ɗaya bai ƙara ba. Ni kuma na tauna shi yadda ake tauna cingam na yara, caɓ caɓ caɓ ina haɗiye yawu, cikin minti biyar shaƙuwa ta kama ni, maƙogwaro na zafi, ƙwannafi, tashin zuciya, nace wannan ai guba ce na jefa shi cikin durowa. Da a ranar aka ce in ba shi maki da sifili zan ba shi, kuma da na zalunce shi.

Karo na biyu na sha yawo kafin in samu, wannan ma yana cikin aibinsa. Ƙananan kemis na unguwa ba su da shi, na tambaya a Aboabo da Asawase da Sawaba wasu ma ba su taɓa jin sunansa ba, wani ya miƙo min alewar tari. Sai a wani babban famasi a Adum na dace, kuma Allah ya haɗa ni da mai harhaɗa magungunan da kanta, wata baiwar Allah 'yar Zongo ce tana jin Hausa. Ba ta miƙo min komai ba sai da ta yi min tambaya biyu. Tace Yaya kara nawa kake sha a rana, kuma in ka tashi barci minti nawa kake yi kafin ka kunna na farko? Nace ko goma ba na yi. Tace to wanda ke kunnawa cikin rabin awa da tashi jikinsa ya kamu sosai, mai miligiram 4 ya dace da kai, wancan da ka saya a da ya yi maka kaɗan. Ta kuma tambaye ni ko ina da ciwon zuciya, ko olsa, ko ciwon suga, ko ina shan wani magani kullum, tace da akwai ɗaya daga ciki da sai na fara ganin likita.

Bayanin da ta yi min a tsaye a kanta, bai fi minti goma ba, shi ne ya fi min kwalin amfani. Tace nikotin shi ne ƙugiyar da ke riƙe mutum, in ka zuƙi hayaƙi yana kai wa ƙwaƙwalwa cikin daƙiƙa 10 zuwa 20, kuma bayan kamar awa biyu rabinsa ya fita daga jini, shi ya sa jiki ke sake kira, shi ya sa kuma da asuba kiran ya fi ƙarfi don an kwana ba a sha ba. Amma mafi yawan ɓarnar daga hayaƙin take, sinadarai sama da 7,000 ne a cikinsa, kusan 70 an san suna kawo ciwon daji, ga kwalta, ga iskar guba irin wadda ke fita daga salansar mota. Da ta faɗi salansa na gane nan take, mu da muke Magazine mun san mutum ba ya kwana a gareji a rufe inji na aiki. Cingam ɗin yana ba ka nikotin kaɗan-kaɗan a hankali ba tare da hayaƙin ba, don jiki ya lafa ka samu sararin yaƙi da sabo, daga baya shi ma a rage shi har a bari.

Yadda ake taunawa kuwa, nan ne mutane ke faɗuwa, dan Allah ku karanta a hankali. Ka tauna sannu-sannu kamar sau goma ko sha biyar har ka ji wani yaji-yaji a baki, sai ka tsaya, ka tura shi tsakanin kunci da dasashi ka bar shi nan kamar yadda tsofaffi ke ajiye goro. In yajin ya lafa ka sake taunawa kaɗan ka mayar ɗaya gefen. Haka za ka yi ta yi har kamar rabin awa sannan ka yar. Ta fatar cikin baki yake shiga jini, wanda ka haɗiye da yawu ciki yake tafiya ya tayar maka da shaƙuwa da ƙwannafi kuma bai yi maka aikin komai ba. Sannan minti 15 kafin ka sa shi da lokacin da yake baki kada ka sha abu mai tsami, kofi, minaral, lemu, tace har sobolo, wato zoɓo, don tsami na hana shi shiga. Kuma kada ka jira sai ƙawar taba ta kama ka sannan ka ɓare, a makonnin farko bisa agogo ake sa shi, duk awa ɗaya ko biyu. Takardar cikin kwalina ta ce kada a wuce 15 a rana, ni ina yin tara zuwa goma sha ɗaya. Kowa ya karanta takardar nasa kwalin, kuma ya duba ranar lalacewa da rajistar FDA, hukumar kula da abinci da magunguna.

Na sa rana, Litinin. Daren Lahadi na ba mai ɗakina ashana da leta da sauran karan da ke aljihu nace ki zubar, na je wajen mai kiyos na biya bashin da yake bina nace dan girman Allah ko na zo ina roƙo kada ka ba ni. Ya yi dariya don ya taɓa jin haka daga bakina, amma ya riƙe alkawari.

Kwana uku na farko ba zan yi muku ƙarya ba, akwai wuya. Amma bambancin a fili yake. A da rana ta biyu da ta uku ji nake kamar ana hura min wuta a ƙirji, hannu na rawa har layin walda ya karkace, in yi wa yara tsawa a kan abin da bai kai ya kawo ba. Da cingam ɗin abin ya zama kamar yunwar azumi, tana nan kana jin ta amma kana iya aiki. Ƙawar tana zuwa kamar hadari ta yi minti uku zuwa biyar ta wuce, ban taɓa sanin tana wucewa da kanta ba don ban taɓa jira ba. Sati na biyu tari ya ƙaru ina ta fitar da kaki baƙi-baƙi, na tsorata na koma Adum, tace huhu ne ke share kansa, amma in na ga jini ko ya ƙi tsayawa in je asibiti. Ya tsaya. Wajen sati na uku na fara jin ƙamshin wake da shinkafar matar da ke bakin layinmu tun daga nesa, shekara nawa ina wucewa ta wajen ban san haka yake ba.

Yanzu aibinsa, don ba zan yabe shi kawai in tafi ba. Na ɗaya tsada. Kwali ɗaya ya cinye min kuɗin da ya fi na tabar sati biyu, kuma a dunƙule ake biya, alhali taba da 'yan canji kake saye ba ka jin zafin fitar kuɗin. Duk komawar da na yi farashi ya motsa don kayan waje ne yana bin dala. Ga ɗan pragya, mai keke mai ƙafa uku, ko mai tura kaya a Kejetia wannan ba ƙaramin abu ba ne, kuma abin yana min ciwo, don su ne suka fi sha. Ni dabarar da na yi, kullum da yamma ina tura kuɗin tabar ranar cikin momo ɗin mai ɗakina, wato asusunta na waya, daga nan muke sayen kwali na gaba. Na biyu, wani lokaci ka je a ce ya ƙare sai sati mai zuwa, to kada ka bari sai ya rage biyu a hannunka, nan ne shaiɗan ke samun ƙofa. Na uku ɗanɗano, ba daɗi, kamar na'ana'a da barkono. Muƙamuƙina ya yi tsami sati biyun farko, kuma mai haƙoran roba zai sha wahala don yana mannewa. Zafi ma yana ɓata shi, na bar wani cikin akwatin kayan aiki a rana ya yi laushi ya manne da ledarsa. Sannan wanda ya fi duka, kamarsa ɗaya da cingam na yara, ƙaramar 'yata ta taɓa miƙo hannu tace Baaba ba ni, tun ranar nake kulle shi, don nikotin guba ne ga yaro. Wanda ka tauna ma ka naɗe a takarda kafin ka yar.

Akwai kuma abin da cingam ba ya yi, kuma ba laifinsa ba ne. Ba ya raba ka da bes. Ni taba da ataya tare suke tafiya kamar koko da ƙosai, da an miƙo kofin farko hannuna ke neman aljihu. Sati shida na daina zama, in yi sallama in wuce, wasu suka ji haushi suka ce na fara girman kai, na haƙura. Wani abu kuma da ban sani ba, hayaƙin taba yana sa jiki ya ƙona sinadarin da ke cikin shayi da kofi da goro da sauri, in ka bari sai ya daɗe a jini, shi ya sa kofi uku na ataya da na saba suka koma hana ni barci da sa gabana faɗuwa, na ɗauka rashin taba ne ashe ataya ce. Na koma kofi ɗaya abin ya daidaita. Bayan cin abinci kuma, wanda shi ne lokaci mafi wuya gare ni, sai in tashi nan take in wanke baki in yi aswaki in taka zuwa bakin titi in dawo.

Na zame sau ɗaya. Sati na biyar, daren rasuwar wani abokinmu, muna zaune ƙofar gida wani ya miƙo na karɓa na sha har ƙarshe. A da in haka ta faru cewa nake ai an riga an ɓata, in sayi biyar. Wannan karon na tuna maganar mai famasin, tace Yaya in ka zame kada ka daina cingam ɗin kuma kada ka ɓoye min, ka ci gaba daga inda kake. Ta gaya min wani bincike da aka yi a Kanada a 2016 ya nuna mai shan taba zai iya gwadawa har kusan sau 30 kafin ya bari gaba ɗaya. Ni da nake ganin sau bakwai ɗina abin kunya ne. Da asuba na sa cingam na tafi masallaci, wannan karan na Fabrairun 2024 shi ne na ƙarshe har yau, alhamdulillah.

Azumi ya same ni a watan Maris ban gama ba, ga shi cingam ba ya yiwuwa da rana. Ƙanina da ke Ingila ya aiko min da filastar nikotin ta hannun wani boga, mazaunin Turai, da ya zo gida, irin wadda ake mannawa a damtse, tana zuwa miligiram 21 da 14 da 7 ana saukowa mataki-mataki. Na kai mata ta duba tace tunda na riga na rage in fara daga 14. Na tambayi malaminmu yace abin da aka manna a fata ba ci ba ne ba sha ba ne, amma kowa ya tambayi nasa malamin. Filastar ta fi sauƙi, ka manna da sahur ka manta, sai dai ga mai walda gumi na ɓamɓare ta, sai da na riƙa ɗaure wajen da bandeji, tana sa ƙaiƙayi in ba ka canja waje kullum ba, kuma in na kwana da ita mafarkai iri-iri, sai na koma cirewa kafin barci. Da rana filasta, bayan buɗa baki cingam ɗaya ko biyu, tace haɗa su biyun ma an tabbatar ya fi ɗaya shi kaɗai aiki. Wannan ne azumin farko tun ina saurayi da na yi tarawih ba warin taba a bakina.

Wata uku da 'yan kwanaki na yi gaba ɗaya, daga miligiram 4 na koma 2, daga goma a rana zuwa biyar zuwa biyu, a ƙarshe ina musanya shi da cingam na kanti. Na ƙara ƙiba kaɗan don abinci ya dawo da daɗi. Da cingam ɗin ya gaza min, mai famasin tace akwai ƙwayoyi irin su varenicline da bupropion da hukumar lafiya ta duniya ta amince da su, amma su sai likita ya rubuta. Shisha da tabar lantarki kuwa da samari ke cewa su ne mafita, wanda na sani a layinmu da ya koma can yanzu biyun yake sha.

In za a tambaye ni maki, cingam ɗin takwas cikin goma, tsada da wuyar samu suka cinye biyun. Ita baiwar Allahn nan goma cif, don kaya iri ɗaya na saya sau biyu, na farko ya ƙare a durowa na biyu ya raba ni da shekara 24. In ka shiga famasi aka miƙo maka ba tambaya, kace a kira maka mai harhaɗa magungunan, in babu ka fita ka nemi wani. Mai ciki ko mai shayarwa, da wanda ya taɓa samun bugun zuciya ko shanyewar jiki, su fara da likita.

Yaron shagona ban ba shi nawa ba, shekarunsa ba su kai in yanke masa da kaina ba, na kai shi asibiti aka yi magana da shi, kuma yanzu ba guntun da zai tsinta a bayan kwantena. Mutum biyu a bes sun ce in sayo musu in zan shiga gari, nace a'a, ƙafarku ƙafata, don tambayar nan biyu ku za ku amsa ba ni ba. Asabar bayan azahar za mu hau mota zuwa Adum, mai son zuwa ya same mu a bakin masallaci.